DARASIN WANNAN WATA: YADDA AKE SAƘA RAGAR ƘWALLO A GIDA

Idan kaka ta yi, aka gama aikin gona, samarin ƙauye sukan fita fili da yamma su buga ƙwallo. Wasu a filin makaranta suke yi. Wasu kuwa a gonar da aka girbe. Yawanci ba su da raga. Sai su ajiye dutse biyu ko takalmi biyu, su ce nan ne gida.

Rashin raga yana jawo abu biyu. Na farko gardama. Wannan ya ce ƙwallo ta shiga, wancan ya ce ta bi ta waje. Wani lokaci har a kai ga dambe. Na biyu ɓarna. Ƙwallo takan wuce ta faɗa lambun wani, ko ta fasa tulu, ko ta bugi mai wucewa. Rabin lokacin wasa yakan ƙare wajen bin ƙwallo.

Ragar kanti tana da tsada, kuma sai an je birni. To amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Samari huɗu da igiya da itace uku za su iya yin ragar atisaye da hannunsu. Wannan darasi ya bayyana yadda ake yi, daki-daki.

ASALIN RAGA

Can da, ko a Ingila ba a sa raga a wasan ƙwallo. Wani injiniya mai suna John Brodie, mutumin birnin Libapul, shi ya ƙirƙiro ta. A shekarar 1889 ya ga an yi gardama a wani wasa, kan ko ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba. Sai ya yi tunanin a rataya raga a bayan gida don ta kama ƙwallon. A shekarar 1892 aka sa raga a wasan ƙarshe na cin kofin Ingila. Daga nan ta bazu ko'ina a duniya.

Mutanen Nijeriya ba za su manta da wata raga ba. Ranar 21 ga Yuni, 1994, a ƙasar Amurka, Nijeriya ta kara da Bulgeriya. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya. Da ya ci, sai ya bi ƙwallon har cikin gida, ya riƙe raga da hannu biyu yana girgiza ta don murna. Nijeriya ta ci wasan da uku ba ko ɗaya.

GIDAN SAURO BA RAGAR ƘWALLO BA NE

Kafin a shiga aiki, akwai gargaɗi. A wasu wurare yara sukan kwance gidan sauron da aka raba wa iyayensu, su ɗaura a filin ƙwallo. Wannan babban kuskure ne.

Sauro shi ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duk duniya a Nijeriya suke. Yawancin waɗanda yake kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yana kuma wahalar da mata masu ciki ƙwarai.

Gidan sauro mai magani yakan yi wajen shekara uku yana tsare masu kwana a ciki. A filin ƙwallo kuwa ba ya jimawa, domin zarensa siriri ne. Bugu kaɗan zai yage. Ke nan an yi asara biyu: babu raga, babu gidan sauro, ga jariri a fili sauro yana cizo. Gidan sauro na ɗaki ne. Filin ƙwallo igiya yake so.

GIRMAN GIDA

Dokar wasan ƙwallo ta ce faɗin gida na manya ƙafa 24 ne, wato mita 7.32. Tsayinsa kuwa ƙafa 8, wato mita 2.44. Ragar irin wannan gida za ta ci igiya wajen yadi 700. Wannan ya yi wa masu koyo yawa.

Don haka gara a fara da ƙarami. Gidan atisaye mai faɗin ƙafa 10 da tsayin ƙafa 6 ya isa. Yana kusa da girman gidan da ake sa wa wasan mutum biyar-biyar. Wanda ya saba saka ƙwallo a ƙaramin gida, babba ba zai ba shi wuya ba.

A tuna: inci 12 su ne ƙafa 1. Ƙafa 3 su ne yadi 1.

KAYAN AIKI

1. Siririyar igiya yadi 210. Kaurinta ya kai rabin kaurin fensir.
2. Igiya mai kauri yadi 15. Kaurinta kamar ɗan yatsa.
3. Dirka biyu masu gwafa. Kowace ƙafa 8 daga gindi zuwa gwafa.
4. Sanda miƙaƙƙiya ɗaya, ƙafa 11.
5. Ƙananan turaku guda 6.
6. Tef na awo. Ana iya aro wajen tela ko magini.
7. Wuƙa, da dagi, da gawayi na yin alama.
8. Ɗan kara ko katako mai tsawon inci 5. Shi ne ma'auni.

WACE IGIYA TA FI?

Akwai igiya iri biyu da za su yi wannan aiki.

Ta farko igiyar rama. Manomin da ya shuka rama ba sai ya saya ba. Ana yanko ramar, a ɗaure ta dami-dami, a jiƙa a tafki mako ɗaya ko biyu. Idan ɓawon ya yi laushi sai a saɓule, a wanke, a shanya. Daga nan sai tufka. Dattawa da yawa gwanaye ne a wannan aiki. Ƙullin rama yana kamawa sosai, ba ya zamewa. Aibinta shi ne ruwa yana ruɓar da ita, gara kuma tana cin ta.

Ta biyu igiyar roba, irin wadda ake shanya a kai. Ita ruwa ba ya ruɓar da ita. Amma rana tana cinye ta a hankali har ta riƙa marmashewa. Kuma tana da santsi, sai an ja ƙulli da ƙarfi. Idan an yanka ta, a ƙona bakin da ashana don kada ya warware.

Wanda zai saya, ya tambayi yadi nawa ne a ƙunshi ɗaya, kuma ya auna a gaban mai kaya. Misali, in ƙunshi ɗaya yadi 50 ne, to ƙunshi biyar ake bukata. Sayen ƙunshi ya fi sayen yadi-yadi sauƙi. Idan 'yan wasa ashirin suka yi karo-karo, abin da kowa zai bayar ba shi da yawa. A sami mutum ɗaya ya rubuta sunan kowa da abin da ya kawo. Rubutu yana kashe zargi.

MATAKI NA ƊAYA: YANKA IGIYA

A kafa tsinke biyu a ƙasa, tsakaninsu yadi 10. A riƙa auna siririyar igiya a kansu ana yankawa. Guda 21 ake so, kowace yadi 10. Yadi 10 sau 21 ya zama yadi 210.

Kada a rage tsawon. Mai kallo zai ga kamar igiyar ta yi yawa. Amma kowane ƙulli yana cin wajen inci 2. In ta ƙare a tsakiyar aiki sai an yi ƙari, ƙari kuwa nan ne raga take fara tsinkewa.

MATAKI NA BIYU: RATAYA IGIYA

A yanki ƙafa 12 daga igiya mai kauri. Ita ce igiyar sama. A ɗaure ta tsakanin bishiya biyu, ko tsakanin dirkokin rumfa, daidai kan mutum. A ja ta ta miƙe tsaf.

A bar ƙafa 1 a kowane gefe. A ƙafa 10 na tsakiya, a yi alama da gawayi bayan kowane inci 6. Idan an ƙirga, alamomi 21 za a samu.

A ɗauki siririyar igiya ɗaya, a ninka ta biyu daidai. A ɗora lanƙwasar a kan alama ta farko. A zura bakunan biyu ta cikin lanƙwasar, a ja. Igiya ta kama ke nan, silinta biyu suna reto. Haka za a yi a kan kowace alama. In an gama, za a ga sili 42 suna reto.

Kowane sili yana da tsawon ƙafa 15. In aka bar su haka za su harɗe. Sai a naɗe kowanne a jikin ɗan guntun kara, a bar kamu biyu kawai a sake. Ana saƙa ana warwarewa.

MATAKI NA UKU: SAƘA

Wanda ya taɓa ganin ragayar da mata suke rataya ƙwarya ya riga ya san wannan saƙa. Ƙulli iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ana haɗa sili biyu wuri ɗaya, a kewaya su, a zura ta cikin kewayen, a ja. Ƙullin da kowa ya sani ne, sai dai da sili biyu ake yi.

Sahu na ɗaya: A ƙyale sili na 1. A haɗa na 2 da na 3, a ɗora ma'auni daga igiyar sama, a ƙulla a ƙarshen ma'aunin. Sai na 4 da na 5. Sai na 6 da na 7. Haka har na 40 da na 41. Na 42 zai rage, a ƙyale shi. Ƙulli 20 ke nan.

Sahu na biyu: Yanzu a haɗa na 1 da na 2. Sai na 3 da na 4. Haka har na 41 da na 42. Ana aunawa daga ƙullin sahu na ɗaya. Amma sili na 1 da na 42, da yake an tsallake su a baya, ma'auni biyu za a bar musu. Ƙulli 21 ke nan.

Sahu na uku kamar na ɗaya yake. Na huɗu kamar na biyu. Haka za a yi ta yi har sahu 24. Jimlar ƙulli 492.

Daga sahu na biyu za a fara ganin idon raga yana fitowa. Kowane ido yana da gefe huɗu, kowane gefe inci 5. Kewayen idon inci 20 ke nan. Kewayen ƙwallon manya kuwa inci 27 zuwa 28 ne. Shi ya sa ba za ta iya wucewa ba.

Ga abubuwa uku da mai saƙa zai kula da su. Kada ya auna da ido, ya auna da ma'auni a kowane ƙulli. Kada ya ja ƙulli ya ƙare sai ya tura shi ya zauna daidai bakin ma'auni. Kuma kada a fara sabon sahu sai an gama na baya duka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan mutum huɗu ne, kowa ya sami ma'auninsa, amma duk tsawonsu ya zama ɗaya. Kowa ƙulli 123 zai yi. Yammaci biyu ko uku ya ishe su. Idan saƙa ta sauko ƙasa har ana sunkuyo, sai a naɗe wadda aka gama a kan igiyar sama, a ci gaba a tsaye.

Garin da yake da masunta ya huta. Su da suke saƙa koma da taru suna da allurar saƙa da ƙulli irin nasu, wanda ya fi wannan sauri. Samari su je su gaishe su, su nemi a nuna musu.

MATAKI NA HUƊU: BAKIN RAGA

Bayan sahu na 24, tsawon raga zai kai ƙafa 8 idan an baza ta. A ɗauko sauran igiya mai kauri. A ɗaura bakinta a igiyar sama ta hannun hagu. A riƙa zura ta cikin idanun gefe har ƙasa. A bi da ita ta ƙasan raga, ana ɗaure ragowar kowane sili a jikinta. Sai a hau da ita ta gefen dama, a ɗaure a sama. Wannan igiya ita ce ƙashin bayan raga. Ita take ɗaukar nauyin bugu.

MATAKI NA BIYAR: KAFA GIDA

Itacen darbejiya ko na turare yana yin dirka mai kyau. Gora mai kauri tana yin sandar sama, domin ba ta da nauyi. Kada a sare bishiya ɗungurungum saboda wannan aiki. Reshe ya isa. Kuma a nemi izinin mai ita tukuna.

A feƙe duk wani ƙulu da tsini a jikin itacen, don kada ya yanki mai tsaron gida. A babbake gindin dirka a wuta har ya yi baƙi, kamar ƙafa biyu da rabi. Wannan yana rage cin gara da ruɓa.

A zaɓi wuri mai shimfiɗa. Kada bayan gida ya dubi hanya, ko rijiya, ko ƙofar gidan wani. A haƙa rami biyu, tsakaninsu ƙafa 10, zurfin kowanne ƙafa 2. A sa dirka, a zuba tsakuwa da ƙasa kaɗan-kaɗan ana dannawa da taɓarya. A ɗora sanda a kan gwafa, a ɗaure ta tamau da igiya. In da hali a shafa farar ƙasa, domin a filin gasa ma fari ake shafa wa gida.

Dokar wasa ta ce dole gida ya kafu sosai a ƙasa. Dalili shi ne gidan da bai kafu ba yana iya faɗowa kan yaro. A ƙasashe da dama an rasa yara ta wannan hanya. Saboda haka babban mutum ya girgiza kowace dirka ya gani. In ta motsa, a ƙara danna ƙasa. Kuma a hana yara lilo a jikin sandar sama.

MATAKI NA SHIDA: RATAYA RAGA

A ɗaure igiyar sama a jikin sanda, ɗauri ɗaya bayan kowace ƙafa. A auna ƙafa huɗu da rabi a bayan gida, a ja layi. A kafa turaku shida a kan layin, tsakanin kowane biyu ƙafa 2. A buga su har kansu ya kusa shafewa da ƙasa, don kada a yi tuntuɓe. A ɗaure ƙasan raga a jikinsu.

Daga sanda zuwa turaku ƙafa bakwai da rabi ne. Raga kuwa ƙafa 8 ce. Wannan rabin ƙafa da ya ƙaru da gangan aka bar shi. Raga mai sako-sako tana shanye ƙarfin ƙwallo, ta ajiye ta a ƙasa. Wadda aka ɗame tana maido da ƙwallo, kuma tana saurin tsinkewa.

Gefe biyu za su rage a buɗe. A farke tsohon buhu, a ɗinka shi daga dirka zuwa bakin raga. Ya wadatar.

YADDA AKE ATISAYE

A ɗaura ƙyalle a kusurwa huɗu na raga. A auna yadi 12 daga gida, a yi alama. Nan ne wurin bugun fenariti. Kowane ɗan wasa ya yi bugu goma, biyar da ƙafar dama, biyar da ta hagu. Ya faɗi kusurwar da yake nufi kafin ya buga. Wani ya riƙe takarda yana rubuta wanda ya dace. Bayan wata ɗaya a duba takardar, kowa zai ga ko ya ci gaba.

KULA DA RAGA

Raga tana daɗewa idan an kula da ita. A kwance ta bayan wasa, a naɗe, a rataye a ɗaki. Kada a ajiye ta a ƙasa saboda gara da ɓera. Kada a bar ta a fili da dare, awaki sukan tauna ta, ko su harɗe a ciki. In ruwa ya doke ta, a shanya kafin a naɗe. In sili ɗaya ya tsinke, a ƙulla shi ran nan. Ido ɗaya da aka ƙyale, gobe ya zama uku. A ba mutum ɗaya amanar ajiya, kowa ya san a hannun wa take.

Wanda ya iya wannan saƙa ya sami sana'a. Da ita ake yin ragar ɗaukar ciyawa, da ragaya, da ragar wasan ƙwallon raga. Makarantar firamare ta garin ma tana iya bukatar irinta.

SABABBIN KALMOMI

Atisaye: maimaita abu don a ƙware.
Ma'auni: abin da ake awo da shi.
Sili: igiya ko zare guda ɗaya.
Idon raga: kafar da take tsakanin ƙulli huɗu.
Sahu: jerin ƙulli daga gefe zuwa gefe.

TAMBAYOYI

1. Wace matsala ce ta sa aka ƙirƙiro ragar ƙwallo?
2. Me ya sa bai kamata a yi raga da gidan sauro ba?
3. Ƙafa nawa ne a cikin yadi 10?
4. Sahu 12 masu ƙulli 20, da sahu 12 masu ƙulli 21. Ƙulli nawa ke nan duka?
5. Idan faɗin gida ƙafa 24 ne, ana alama bayan kowane inci 6, alamomi nawa za a samu?
6. Don me ake barin raga sako-sako?

AIKIN YI

'Yan aji su kawo guntayen igiya ranar karatu mai zuwa. Kowa ya rataya igiya huɗu a jikin sanda, ya saƙa sahu huɗu. Wanda ya fi iyawa ya koya wa na kusa da shi. Bayan haka kowa ya rubuta jerin kayan aiki a littafinsa, ba tare da duba jarida ba.